Na gwada shafin Companies House don duba kuɗin kulob-kulob ɗin Ingila, ga yadda na same shi

Jama'a barkanmu da war haka. Akwai wani shafi da na kwana biyu ina amfani da shi, yau dai na ce bari in zauna in rubuta yadda na same shi, musamman saboda 'yan uwana masu kallon Firimiya da kullum musunmu baya wuce wane kulob ne ya fi kuɗi, wane ne bashi ya yi wa katutu, wane ne yake dab da tsiyacewa. Sunan shafin Companies House, na gwamnatin Birtaniya ne, kuma kyauta ne, ko sisi ba za ka biya ba sai kuɗin datarka.

Amma bari in fara da yadda aka yi na san shi, don ta hanyar littafi na faɗa ciki. Ni ɗan Arsenal ne tun zamanin Kanu, tun wasan nan na 1999 da ya zura wa Chelsea uku a gidansu cikin minti goma sha biyar muka tashi 3-2, daga ranar ban sake kallon wani kulob da idon so ba. To kawuna ya je Landan asibiti, da zai dawo ya bugo ya ce me kake so, na ce Kawu in da hali littafin tarihin Arsenal nake so ba riga ba, ya yi dariya ya ce kai da ƙwallon nan Allah ya shirya, amma wallahi ya kawo. Littafi ne mai kauri mai bango mai tauri, takardarsa mai sheƙi, hotuna sun kusa fin rubutu yawa. Na fi wata ina binsa a hankali bayan isha'i. A ciki na san cewa ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich ne suka kafa kulob ɗin a 1886 da sunan Dial Square, shi ya sa har yau igwa ce a tambarinmu, na san koci Herbert Chapman da ya zo 1925 ya kawo kofin FA na farko a 1930 da kofin lig na farko a 1931, har tashar jirgin ƙasa ta Gillespie Road aka sauya wa suna zuwa Arsenal a 1932. Ga kakar 2003/04 da ba a doke mu a lig ko sau ɗaya ba, nasara 26 canjaras 12, an ba ta shafuka da yawa kuma ta cancanta.

Sai dai duk inda maganar kuɗi ta zo, littafin sai ya yi sauri ya wuce. Shekarar 1910 da kulob ya tsiyace har aka rushe kamfaninsa, wani attajiri Henry Norris shugaban Fulham ya zo ya karɓa, ya so ma ya haɗe Arsenal da Fulham su zama ɗaya hukumar lig ta ƙi, sannan ya ɗauke kulob ɗin kacokan daga kudancin Landan ya kai shi Highbury a 1913 don neman 'yan kallo, wannan fa shi ne mafi girman abin da ya taɓa samun Arsenal, amma layi kaɗan aka ba shi. Haka ginin Emirates, an cika hotunan filin ta sama ta ƙasa, amma yadda bashin ginin ya ɗaure kulob shekara da shekaru babu bayani mai gamsarwa. Ni kuma abin da ya fi ci min rai kenan, don mu muka sha wahalar shekarun nan daga 2005 har 2014 babu kofi ko ɗaya, muna zaune a gidan kallo ana mana ihu, Henry ya tafi, Adebayor da Toure suka tafi, Fabregas da Nasri suka tafi shekara ɗaya, sannan van Persie ya koma Man U ya ci musu lig.

Ƙanina da ya karanta akanta ne ya ce min Yaya ai amsar tambayarka ba a wannan littafin take ba, tana cikin lissafin shekara-shekara da kulob yake miƙa wa gwamnati, kuma kowa zai iya gani. Na ce kowa har mu da muke Kano? Ya ce har mu. Ya karɓi wayata ya buɗe min.

Ga yadda abin yake. A dokar Birtaniya duk kamfanin da aka yi wa rajista dole ya miƙa lissafin kuɗinsa duk shekara ga ofishin Companies House, kamar dai aikin CAC a nan wajenmu, hedikwatarsu tana Cardiff, kuma tun 2015 suka buɗe bayanan kyauta a intanet. To su kulob-kulob ɗin Ingila da na Sikotilan kamfanoni ne kamar kowane kamfani, don haka Arsenal da Chelsea da Liverpool da Tottenham har da ƙananan da ke rukuni na huɗu duk suna ciki. Ka rubuta Companies House a Google ka tabbata wanda ka shiga yana ƙarewa da gov.uk ne, don akwai wasu shafuka na 'yan kasuwa da suke kwaso bayanan nan su ce ka biya. Babu buɗe akawun babu lambar sirri, ka rubuta sunan kamfani kawai ya fito. Shafin fari ne tas, babu talla babu bidiyo mai tashi da kansa, ko netiwok na rarrafe yana buɗewa, wannan kam na yaba musu sosai.

Abu na farko da na gani ya sa tsigar jikina ta tashi. Na rubuta Arsenal Football Club, kamfanin ya fito, a wajen ranar rajista an rubuta 1910. Ba 1886 ba. Wato kamfanin da aka kafa bayan waccan tsiyacewar da littafina ya tsallake, shi ne dai har yau yake raye sama da shekara ɗari. Na ɗauko littafin na buɗe shafin 1910 na ajiye wayar a gefensa, na daɗe ina kallonsu su biyun.

In ka shiga kamfani za ka ga sassa a sama. Wanda ya fi amfani shi ne Filing history, nan ne duk takardun da suka taɓa miƙawa suke a jere daga sabo zuwa tsoho, ka tace ka bar na Accounts kawai sai ka danna PDF ya sauka a wayarka. Akwai People, nan za ka ga daraktoci da wanda yake da iko da kamfanin. Akwai Charges, wannan mutane ba su cika dubawa ba amma ni ina sonsa, don nan ake rubuta duk abin da kulob ya ba da jingina ya ci bashi, ko filin wasa ko kuɗin talabijin da bai ma shigo ba tukuna. In kuma kamfani ya taɓa durƙushewa aka naɗa masa masu kula da bashi, akwai sashen hakan ma.

Wajen da mutum zai iya ɓata shi ne zaɓen kamfanin da ya dace. Kulob ɗaya za ka samu yana da kamfanoni biyar ko goma, wani na fili, wani na kadarori, wani na ƙungiyar mata, wani kuma shi ne uwa da ta tattara su duka. Na Arsenal ka nemi Arsenal Holdings Limited. Na Chelsea akwai Chelsea FC Holdings Limited, a samansa kuma akwai wasu kamfanoni na masu kulob ɗin, kuma lissafin ba ɗaya ba ne, wani lokaci na ƙasa ya nuna riba na sama ya nuna asara mai yawa saboda bashin a sama aka ajiye shi. Man City akwai na kulob ɗin kansa akwai na City Football Group da ya haɗa da sauran kulob-kulob ɗinsu na wasu ƙasashe. Man U kuwa tun 2012 suna kasuwar hannun jari ta New York, don haka cikakken bayaninsu har na wata uku-uku suna fitarwa a can, amma kamfanoninsu na Ingila irin su Red Football Limited suna nan a ciki.

Sai abu biyu ƙanana da ƙanina ya nuna min da in ba ka san su ba za ka karanta komai a karkace. Na ɗaya, yawanci lambobin a dubbai ake rubuta su, za ka ga alamar fam da sifili uku a saman layi, don haka in ka ga 17,700 ba fam dubu goma sha bakwai ake nufi ba, miliyan goma sha bakwai ne da ɗoriya. Na biyu, duk lambar da aka sa a cikin baka, asara ce ko kuɗin da ya fita.

Yanzu ga inda shafin ya yi min rana. Wata ranar Lahadi bayan wasa muna zaune wajen mai shayi, wani abokinmu ɗan Chelsea ya zo yana ɗaga waya wai kulob ɗinsu ya ci ribar fam miliyan 128 a kakar 2023/24 alhali Arsenal asara ta yi, wai mu daina cewa Boehly, ɗaya daga cikin masu kulob ɗinsu, yana ɓarnar kuɗi. Maganarsa gaskiya ce ta fuska ɗaya, Chelsea ta bayyana ribar miliyan 128.4 kafin haraji, Arsenal kuma ta yi asarar miliyan 17.7 duk da kuɗin shigarta ya haura miliyan 616, albashi kaɗai ya cinye kusan miliyan 328. Amma na ce masa mutumina zo mu duba daga ina ribar ta fito. Muka sauke takardar muka yi ta gungurawa ƙasa ina buɗa rubutun da yatsu biyu don ƙanana ne, shayinmu har ya huce, sai ga layin nan, ribar sayar da kamfanonin da ke ƙarƙashinsu, miliyan 198.7. Ƙungiyar matansu ce suka sayar, kuma wa suka sayar wa? Kamfanin masu kulob ɗin. Kamar mutum ya ciro kuɗi daga aljihun dama ya sa a na hagu ya rubuta ciniki. Ka cire wannan sai ka ga asara ce a ƙasa, kuma kuɗin shigarsu na shekarar miliyan 468 ne, Arsenal ta fi su da kusan miliyan 150. Shekarar da ta gabace ta ma otal biyu na gefen Stamford Bridge suka sayar wa ɗan uwan kamfaninsu a kan miliyan 76.5. Ban ce sun karya doka ba, dokar Firimiya ta lokacin ta yarda da hakan, amma hukumar ƙwallon Turai UEFA ba ta lissafa irin wannan ciniki, kuma a Yulin 2025 ta ci tarar Chelsea yuro miliyan 31. Abokin nawa bai ji haushi ba, shiru ya yi sannan ya ce turo min takardar ta WhatsApp, kuma tun ranar shi ma ya koma ɗan shafin, har yana kama ni da kuskure in na yi.

A nan kuma na fahimci dalilin kwantiragin shekara takwas-takwas da suka riƙa ba 'yan wasa. In kulob ya sayi ɗan wasa ba a rubuta kuɗin gaba ɗaya a shekara ɗaya, ana raba shi ne a kan shekarun kwantiraginsa, kalmar da za ka gani a takardar ita ce amortisation. Enzo Fernandez kusan miliyan 107 aka saye shi a Janairun 2023 da kwantiragin shekara takwas da rabi, to a littafi kusan miliyan 12 da rabi kawai yake ci duk shekara. Amma in ka sayar da ɗan wasa, ribar gaba ɗaya a take ake rubutawa, in kuma ɗan gida ne da ya taso a makarantar kulob ba a saye shi ba to duk kuɗin riba ne zalla. Shi ya sa ka ga ana sayar da su Mason Mount da Conor Gallagher magoya baya suna kuka, mu ma haka aka yi mana da Iwobi zuwa Everton a 2019 da Smith Rowe da Nketiah a 2024. UEFA da Firimiya daga baya duk sun rage rabon zuwa iyakar shekara biyar. Da ina jin abin nan a rediyo ban gane ba, sai da na ga layukan da idona.

Na Arsenal kuwa na koma baya na bi su shekara bayan shekara, kuma a nan na samu amsar da na nema. Filin Emirates fam miliyan 390 ya ci, a 2006 kulob ya ci bashin miliyan 260 na dogon zango, kuma babu wani attajiri da yake zuba kuɗin aljihunsa, alhali a can gefe Abramovich da ya sayi Chelsea a 2003 ya ranta wa kulob ɗinsa kusan fam biliyan ɗaya da rabi kafin ya tafi a 2022, sannan ga kuɗin Abu Dhabi a City daga 2008. Za ka ga shekarun da ribar Arsenal daga sayar da 'yan wasa take fitowa, da kuma daga sayar da gidajen da aka gina a tsohon Highbury. Wallahi raina ya sosu, don na tuna irin zagin da aka yi wa kocinmu na lokacin Wenger ana ce masa marowaci, mutumin nan yana kai kulob gasar Zakarun Turai duk shekara da yara ƙanana don a samu abin biyan bashi. Ban ce duk shawarar da ya yanke daidai ce ba, akwai shekarun baya-baya da kuɗi na ajiye a banki da yawa kuma ba a sayi wanda ya kamata ba, wannan ma takardun sun nuna, amma dai yanzu na san me nake cewa in na buɗe baki.

Yayana babba ɗan Man U ne na gani-kashe-ni. Na ce masa Yaya zo ka ga abin da ake cirewa daga kulob ɗinku. Ya san dai labarin a dunƙule, cewa iyalan Glazer sun sayi kulob a 2005 a kan kusan fam miliyan 790 kuma yawancin kuɗin bashi ne da aka ɗora wa kulob ɗin kansa, kulob ɗin da ba shi da bashi kafin su zo. Amma ganin layin kuɗin ruwa yana maimaituwa shekara bayan shekara daban yake da jin labari. A 2023/24 kuɗin shigarsu miliyan 661.8, sun fi Arsenal, amma asara miliyan 113.2. Shi ne ya tuna min cewa a 2010 magoya bayansu sun riƙa ɗaura mayafi kore da ruwan gwal a wuya don nuna adawa da Glazer, kalar Newton Heath kenan, sunan kulob ɗin na asali tun 1878 kafin shi ma ya kusa mutuwa da bashi a 1902 wani mai kamfanin giya John Henry Davies ya ceto shi aka sauya suna. Ka ga a nan ma sai da tarihin aka gane abin da takardar kuɗin take faɗa.

Kuma duk wanda yake ganin maganar lissafi ba ta shafi fili ba ya tuna Portsmouth. Kanu ne ya ci musu ƙwallon da suka ɗau kofin FA a 2008 a kan Cardiff, Utaka ma yana wajen, mu nan gida muka yi murna kamar namu ne. Ko shekara biyu ba a yi ba, Fabrairun 2010, kulob ɗin ya faɗa hannun masu kula da bashi, aka cire masa maki 9 ya faɗi daga Firimiya, ya yi ta gangarawa har rukuni na huɗu. Ga Everton da aka zaftare wa maki 10 a 2023 aka rage zuwa 6 sannan aka ƙara zaftare 2, ga Nottingham Forest maki 4, duk saboda dokar lokacin da ta ƙayyade asarar da kulob zai yi cikin shekara uku, iyakarta miliyan 105 ga wanda ya yi shekarun duka a Firimiya.

To abin da ya kamata ka sani kafin ka shiga, don kada ka zata abin da babu. Bayanan ba na yau-yau ba ne. Doka ta ba kamfani wata tara bayan rufe shekara kafin ya miƙa, Arsenal da Liverpool ƙarshen Mayu suke rufe tasu don haka sai wajajen Fabrairu za ka gani, masu rufewa ƙarshen Yuni kamar Chelsea sai ƙarshen Maris. Ba za ka ga albashin Saka ko na Haaland ba, jimillar albashin kowa da kowa ake rubutawa har da masu gyaran ciyawa da ma'aikatan ofis. Ba za ka ga kuɗin sayen ɗan wasa ɗaya-ɗaya ba, sai dai jimilla, amma a can ƙarshen takardar akwai bayanin abin da suka kashe bayan rufe shekara da kuma bashin da wasu kulob suke binsu na 'yan wasa, wannan wajen kada ka tsallake shi, da kuma wajen ciniki tsakaninsu da kamfanonin masu kulob. Takardu da yawa hoton takarda ne aka ɗora, ba za ka iya neman kalma a ciki ba sai ka bi da ido, kuma wasu sun kai shafi sittin ko fiye, a kwamfuta sun fi daɗin karatu. Turancin ma na akantoci ne, in kana da wani ɗan uwa da ya karanci fannin ka zauna da shi sau ɗaya ko biyu ya isa. 'Yan Madrid da Barcelona kuma ku yi haƙuri babu naku a ciki, na Birtaniya ne kawai, naku sai a shafukan kulob ɗin.

In maki zan ba shi, tara cikin goma. Akwai wani maɓalli na bin kamfani, shi ne kaɗai yake buƙatar ka yi rajista da imel, ita ma kyauta, duk ranar da kamfanin ya miƙa sabuwar takarda sai saƙo ya shigo maka. Na sa Arsenal da Chelsea da Tottenham. Littafin Kawu kuma yanzu yana wajen Yaya, ya ara don ya karanta shekarun Chapman, ni kuma ya roƙe ni in buga masa shafukan bashin Man U a takarda don idonsa baya jure ƙananan rubutun waya, gobe in Allah ya kai mu zan biya ta shagon masu fotokofi in cire masa.